Shanu a Gonar Yaya

Yayana sojan baka ne, irin masu shiga gidan rediyo a Katsina su yi ta zuba a kan siyasa. Sauran suna yabon wanda ya ciyar da su, shi kuwa ɗan ra'ayin riƙau ne na gani kashe ni. Maganarsa ɗaya ce kullum: a mayar wa dagaci da arɗo ikonsu, a buɗe burtalin shanu, a bar manomi da makiyayi su sasanta a ƙofar mai gari kamar da. Jam'iyya uku ya bari a kan wannan. Ni nake goya shi a babur daga ƙauyenmu na wajen Wagini zuwa Batsari ya hau mota, tun daga ƙofar gida yake fara yi mini shirin a kunne. Na sha ce masa, "Yaya, ni fa ban kunna ka ba."

A da mutane na son sa. Ranar kasuwa sai mun yi da gaske muke kutsawa, kowa na so su gaisa. Wannan ne kawai arzikinsa, a saurare shi.

Sai 'yan bindiga suka shigo mana. Aka kashe na kashewa, aka sace na sacewa, har ya zama duk mai riƙe da sandar kiwo abin zargi ne.

Muna da al'ada tun zamanin mahaifinmu. Bayan an gama kaka, wani dattijon Bafillace daga wajen Tsaskiya yakan sauka a gonarmu da iyalinsa, shanunsa su ci kara su bar mana taki. A shekarar na roƙi Yaya ya haƙura.

Ya ce, "Abin da nike hwaɗi ma duniya, in kasa yin shi a gonar ubana?"

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma sai ya shiga rediyo ya ba da labari da alfahari, har da kwatancen gonar, wai a zo a ga yadda ake zaman amana. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutum mai kaifin baki haka, a ce bai san garinsu ya canza ba!

Aka zo kuwa. Matasa suka kori shanun, suka ƙona bukkokin, dattijon ya sha da ƙyar. Aka laƙaba wa Yaya sunan infoman 'yan bindiga, gidan rediyon ya daina kiran sa. Bai saduda ba. Ya koma ɗaukar murya a waya yana turawa, kullum yana kare mutumin nan, yana rantsuwa bai taɓa cutar kowa ba.

Wata rana da hantsi muka haɗu da dattijon a bayan kasuwar Safana. Ya rame. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya riƙe hannun Yaya.

"Malam, alfarma nika nema. Duk sadda ka yi magana, sai an biyo mu inda muka koma. Sau ukku ke nan muna tashi. Don Allah ka daina taimakon mu."

Yaya ya juya ya nufi babur. Na goya shi muka kama hanyar gida. Har Wagini ban ji muryarsa a kunnena ba, sai na rage gudu na waiwaya in ga ko bai faɗo ba. Yana nan zaune.