Zannuwan Sallar Inna

Akwai wata rana ta damina da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina jinyar Inna, mahaifiyata, a gidanmu na unguwar New Bell a Duwala. Tsufa ya cinye mata tunani. Takan manta sunana, takan manta ta ci abinci, amma sallah ba ta taɓa mantawa ba. Abin da take mantawa shi ne ta riga ta yi. Sai ta idar da azahar, ta ɗan kishingiɗa, ta tashi ta ce a kawo buta.

Ga shi kuma fitsari ba ya riƙuwa gare ta. Ni kuwa mace ce mai waswasi tun ina yarinya. Duk lokacin da ta nemi buta sai na yi mata tsarki, na canza mata zane, na shinshina darduma, wani lokaci na sake canza zanen saboda ban tabbata ba. Tsorona ɗaya ne: kada uwata ta tsaya gaban Ubangiji da najasa, laifin kuma ya zama nawa.

Wanda ya san daminar Duwala ya san wanki ba ya bushewa. Na ɗaura igiyoyi a ɗaki har mutum sai ya sunkuya zai wuce, ko'ina warin danshi. Hannuwana sun tsage saboda sabulu. Yayana da ke aikin ofis a unguwar Bali yakan leƙo ranar Lahadi da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ça va aller, komai zai daidaita, ƙanwata, Allah zai ba ki lada." Ba na jin haushinsa. Ƙarfin jin haushin ma ba ni da shi.

A ranar da nake magana, ruwa ya kwana ya wuni, kwata ta cika ta shigo tsakar gida. Inna ta yi azahar, ta sake, ta sake. Da ta nemi buta kuma, na duba babu zane busasshe ko guda, har nawa na ba ta sun ƙare. Na ce, "Inna, kin yi sallah." Ta ce ba ta yi ba. Na ce ta bari zane ya bushe. Sai ta dube ni kamar baƙuwa ta ce, "Baiwar Allah, me na yi miki za ki hana ni sallah?" Ta fara kuka a hankali, tana laluben buta a ƙasan gado.

Na fita zaure na zauna a kan benci, ƙafafuna cikin ruwa. Ban yi kuka ba, na gaji da yawa. A nan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke koyar da matan unguwa karatu, ta same ni, ta shigo da lema ta tattare zane har gwiwa. Na faɗa mata komai, har da shinshinar darduma.

Ta ce, "Ke 'yar nan, wanda hankalinsa ya gushe ai an ɗauke masa alƙalami. Mala'iku sun ajiye nasu, ke kin ɗauka kina ta rubutu?"

Na ce, "Gwaggo, idan ba a karɓa ba fa?"

"Ke ce mai karɓar? Ki tsaftace ta don jin daɗin jikinta, ki bar ta ta gaida Ubangijinta yadda ta iya. Ke da alƙalamin ke kanki, kin yi taki azahar ɗin?"

Ban yi ba kuwa. Ana gab da kiran la'asar, ni kuwa tun safe ina bakin baho.

Muka shiga ɗaki. Gwaggo ta miƙa wa Inna buta, ta ce, "Yaya, tashi ki yi, lokaci bai wuce ba." Inna ta share hawaye, ta yi alwalarta ta ɗiba-ɗiba, ta zauna ta kabbarta cikin zanen da ke jikinta. Ni ma na ɗauro alwala na tsaya a gefenta. Tana karatu tana haɗa wannan sura da waccan, muryarta kwance lafiya lau. Da na yi sujada sai da ƙyar na ɗago, don barci ya kusa ɗauke ni a wurin.

Jinyar ba ta yi sauƙi ba bayan nan. Wanki bai ƙare ba, waswasina ma bai tafi duka ba, har Allah Ya karɓi abarSa. Amma na koyi cewa mai jinya kan ɗora wa kansa kayan da Allah bai ɗora masa ba, kuma wannan ƙarin shi ne yake karya shi. Tun ranar, duk sanda Inna ta nemi buta, miƙa mata nake yi.