Daminar da Muka Nemi Sunayen Ƙeta da Jamusanci

Maƙwabcina yana da wani kaki da yake yi kullum da safe a bakin rariya. Duk sanda na ji shi sai in ce a raina, to, Bajamushe ya tashi. Daga nan sai in tuna wata damina a gidanmu na Dogarawa.

Kada ka ce ai wannan ba labarin yarinta ba ne, tunda a lokacin na riga na bar aikin reluwe, furfura ta cika mini haɓa. Iya tana da rai. Namijin da uwarsa ke zaune a tsakar gida yaro ne, ko da sanda yake dogarawa.

Autata ce ta gama karatun haɗa magunguna a Samaru, aka ba ta gurbin ƙaro ilimi a Jamus. Ta ce ba za ta taka jirgi ba sai kakarta ta sa mata albarka. Iya kuwa tana da al'ada: duk mai tafiya sai ta dafa kansa, ta ambaci sharrin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa, ta roƙi Allah ya tsare. Wannan karon ta ce ba ta yi. Hujjarta, hassadar can ba ta jin Hausa, in an kira ta da sunan da ba nata ba, ko waiwayowa ba za ta yi ba.

Sai aka aro ƙamus daga Samaru, ƙato kamar bulo, Turanci zuwa Jamusanci. Yarinyar ta iya Turanci, amma Hausarta irin ta ɗalibai ce, ba ta raba ƙeta da mugunta. Ni kuwa na yi aji huɗu cur, har da rabin na biyar. Aka naɗa ni tafinta, na kuma riƙe muƙamin da mutunci.

Kullum da la'asar, ruwa na dukan kwano, masara na gasuwa a kurfoti, sai Iya ta jefo kalma. In juya ta zuwa Turancin reluwe, yarinya ta buɗe ƙamus. Hassada ta zama enbi, enbi ta zama Naid. Ƙeta na ce malis, aka samo Boshait. Riƙon mutum a zuci ya fito Girol. Iya ta ce wannan kam ko ba a fassara ba ta gane shi, kare ne a bayan ƙofa. Inda Turancina ya ƙare, nakan yi tari in ce Bature bai kai nan ba.

Abin da na lura shi ne kalmomin ba sa ƙarewa. Yau ƙyashi, gobe baƙin ciki, jibi zagon ƙasa. Kalma ɗaya tak a rana, sauran yinin kuma jika tana tsefe mata kai ko suna tsintar wake. Masara ta wuce, ɗanyar gyaɗa ta shigo, ranar tafiya ta matso, albarka shiru. Yarinyar ta fara ramewa.

Ran nan Iya ta kawo wadda ta tabbata za ta gagara. Ta ce a nemo mata sunan daɗin nan da mutum ke ji idan iska ta yaye rufin maƙwabcinsa, ya zo yana jaje yana leƙen ɓarna. Na ce Turanci ba shi da wannan, kuma wannan karon ban yi tari ba. Yarinyar ko taɓa ƙamus ba ta yi ba, ashe malamin da ya fara koya musu Jamusanci saboda tafiyar ya koya musu ita tun farko.

"Shadanfiroida, Kaka. Kalma guda ce."

Iya ta sa aka maimaita mata, sannan ta ce:

"Mu nan sai dai a ce Allah ya kyauta a baki, Allah ya ƙara a zuci. Su har suna suka raɗa masa. Ashe mutane ne irinmu. Matso da kanki."

Ta dafa ta, ta jero su duka, tana kaki a kan kowanne kamar ƙaya ta maƙale mata. Muka yi ta amin. Ban yi dariya ba, muƙamina bai ba da dama ba.

Iya ba ta ga dawowarta ba. Yanzu jikokina latsa waya suke yi, ta juya musu kowane harshe. Kwanaki na sa suka gwada mini kalmomin nan, kafin in gyara zama duk sun fito reras. Na ce madalla da ci gaba. Amma da wayar nan ta zo da wuri, da Iya ba ta samu daminar nan da jikarta a gefenta ba.