Buhun Malam Uku-Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa makaranta, yana tura keke maimakon ya hau, saboda buhun da ke ɗaure a baya ba ya barin keken ya tsaya daidai. Ya gaisa da mai gadi, ya jingine keken a gindin famfo, ya saɓa buhun a kafaɗa har aji biyar. Kafin yara su iso ya share tebur da tafin hannu ya jera kayansa: igiyoyi uku, duwatsu uku, kwalabe uku, da wasu matattun takalma uku waɗanda ko bola sai ta yi shawara kafin ta karɓa. Shekara talatin da biyar yana haka. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, har hedimasta Malam Uku-Uku yake ce masa.

Turanci yake koyarwa, kuma kayan buhun na darasin kwatance ne. Bature in zai kwatanta abu da abu, sai ya liƙa wa kalmar ɗan jela: jela guda ga wanda ya fi ɗan'uwansa, wata jelar daban ga wanda ya fi kowa. Akwai kuma kalmomi masu taurin kai da ba sa karɓar jela, sai dai su sauya kama gaba ɗaya. Su ne Malam yake koyarwa da takalman nan, mara kyau, da wanda ya fi shi lalacewa, da wanda ya gama mutuwa. Sauran malamai ba sa wahalar da kansu da ɗaukar kaya. Yara uku suke kirawo gaban allo su jera su, wannan dogo, wannan ya fi shi, wannan ya fi kowa, darasi ya shiga cikin minti biyar. Haka aka koya musu, haka kowa yake yi.

Ni ma na zauna a ajinsa shekara ashirin da uku da suka wuce, kuma ina cikin manyan masu yi wa buhun dariya. Da lokacin ritayarsa ya zo, tsofaffin ɗalibai suka ɗora mini rubuta wannan jinjina, wai ni ce mai baki. Na je wurinsa da ɗan littafina, na shirya tsokana iri-iri. Na fito ban yi masa ko ɗaya ba.

Tambayar farko da na yi masa ita ce me yake so mu ba shi kyauta. Ya ce shi ba ya son agogon bango, ba ya son hotonsa a cikin gilashi. Abu ɗaya ya rage masa kafin ya miƙa makullin ajin nan ranar Alhamis: akwai yarinyar da yake nema ya roƙe ta gafara, shekara talatin da biyar bai same ta ba.

Na ɗauka wasa yake yi, sai na ga ya ajiye alli.

A shekararsa ta farko, in ji shi, ya koyar da darasin kamar yadda kowa yake yi. Ya zaɓi kalmar gajarta. Ya kira yara uku, ya jera su, ya ɗora hannu a kan ta ƙarshe, wata 'yar ƙarama mai zama a bencin gaba, ya faɗi kalmar Turancin da ke nufin wadda ta fi kowa gajarta. Ya sa aji ya maimaita sau uku. Aji ya maimaita da murna, shi kuma ya ji daɗi wai darasinsa ya shiga. Kafin a tashi tara kalmar ta zama sunanta. Kafin mako ya ƙare 'yan aji ɗaya ma da ita suke kiranta, suna bin ta har bakin titi. Rana ta tara bencinta ya wayi gari ba kowa. Ya je gidansu, mahaifinta ya ce ta ƙi ci ta ƙi sha in an ambaci makaranta, a bar ta ta huce. Ya koma bayan hutu, ya tarar sun tashi daga unguwar.

"Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin," ya ce da ni. "Da hannuna na fitar da ita. Washegarin ranar da na tarar da gidan a kulle na sayi buhu."

Sai a lokacin na gane abubuwan da mutane suka gaya mini a kwanakin da nake tattara labarinsa, waɗanda na rubuta a matsayin abin dariya.

Tsohon hedimasta ya ba ni labarin shekarar da mai duba makarantu ya zo. Ya zauna a bayan aji, ya ga igiyoyi da duwatsu, ya ce wannan ɓata lokaci ne, a fito da yara a gwada da su. Malam ya ce ba zai fito da su ba. Mai dubawa ya maimaita, Malam ya ce in tsayi ake son gwadawa, ga shi ga hedimasta ga baƙo, su uku sun isa. Mai dubawar kuwa gajere ne. Ya sha mur, ya rubuta abin da ya rubuta, kujerar mataimakin hedimasta da aka yi wa Malam alkawari ta wuce shi, ba ta sake biyowa ta kansa ba. Hedimasta ya ce ya yi ta yi wa Malam faɗa a kan taurin kai, shi kuwa ko gezau.

Baba mai shara ta ce da idonta ta ga ranar da wata sabuwar malama ta jera yara uku don koyar da kalmar ƙiba. Malam yana wucewa ta taga ya hango, ya shiga ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa yaran su koma su zauna, ya ajiye kwalabensa uku a tebur, ya fita. Da aka tashi ya same ta a ofis ya ba ta haƙuri, ya bar mata kwalaben. Baba ta ce har yau suna cikin durowar malamar.

Ni kaina shaida ce cewa a ajinsa ba a taɓa karanto wanda ya zo na ƙarshe ba. A ninke yake ba kowa takardarsa. In zai kwatanta ka, da kanka na zangon baya yake kwatanta ka.

Kai ne, Malam, wanda muka mayar mahaukacin makaranta, kana ji kana murmushi. Mun ɗauka tarkace kake ɗauka a kafaɗa, ashe mu kake karewa.

Don in cika rubutuna, na tambaye shi ko yana tuna sunan yarinyar. Ya faɗi sunanta, ya haɗa da na mahaifinta, ba tare da ya tsaya tunani ba. Biro ya faɗi daga hannuna. Sunan Yayata ne, da sunan mahaifinmu.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha biyu. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, mijinta kuma ya sa ni makaranta da sunansa, shi ya sa Malam bai taɓa haɗa ni da ita ba. Tela ce, shagonta yana kan titin da Malam yake bi da kekensa kowace safiya. Duk tsawon karatuna ba ta taɓa taka ƙofar makarantar nan ba, ko ranar da na karye a hannu mijinta ta tura. A gida an sani cewa Yaya ba ta son boko, ni ma haka na taso ina faɗa, har ina tsokanarta da shi a gaban baƙi. Wannan tsokanar ita ta fi tsaya mini a rai.

Ban gaya wa Malam komai ba. Na tattara littafina na nufi shagon. Na same ta tana ɗinka wuyan riga, na zauna a kan buhun ƙyallaye na faɗa mata duk abin da na ji. Ba ta daina taka keken ɗinkin ba sai da ta kai ƙarshen layin.

Ta ce ta sani. Tun ranar da na dawo daga aji biyar ina ƙyalƙyala dariya ina ba ta labarin malami mai igiyoyi uku ta gane ko wane ne, ta kuma gane abin da buhun yake nufi. Sai na tuna ranar ce kaɗai ta taɓa daka mini tsawa a kan dariya. Shekara ashirin da uku tana ganin wucewarsa ta tagar shago, sau da yawa ta miƙe za ta kira shi, ƙafarta ta ƙi.

Na ce mata Alhamis zai tafi. Ta ce tana da ɗinkin mutane.

Ranar Alhamis aka yi taro a filin makaranta, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bangon da ya ce ba ya so. Ina ta duban ƙofa, ba Yaya. Bayan an watse ya koma aji biyar yana mayar da kayansa cikin buhu, ina taya shi, zuciyata tana gaya mini in faɗa masa, bakina ya ƙi. Sai inuwa ta faɗo a bakin ƙofa. Yaya ce, da awon ɗinki a wuyanta, ta manta ba ta cire ba. Mai gadi ya gaya mini daga baya ta fi rabin awa a tsaye a bakin get.

Malam ya dube ta, ya dubi bencin gaba, ya sake dubanta. Dutsen da ke hannunsa ya faɗi ƙasa. Dattijo mai furfura ya durƙusa a gaban allo, ya kira sunanta, ya ce ta yafe masa.

"Tashi, Malam," ta ce. "Ba zan ce ba komai ba, don da komai. Ina son karatu, kuma ban yi ba. Amma na yafe maka tun ranar da yarinyar nan ta ba ni labarin buhu. Shigowa ce ta gagare ni."

Ya miƙe yana share fuska da hannun riga. Yaya ta wuce ta zauna a bencin gaba, daidai gefen taga, ta ɗora hannuwa a kan tebur.

"Darasin nan ban ji ƙarshensa ba," ta ce. "Ƙarasa mini."

Ya kwance bakin buhu, ya fito da igiyoyi uku. Ya jera su a tebur. Ya koyar, ta maimaita, ya gyara mata, ta sake maimaitawa. Da ya zo kan igiyar da ta fi gajarta, sai kalmar ta ƙi fita. Yaya ce ta faɗe ta, da bakinta, a fili, sannan ta ce ya ci gaba. Ni ina bencin baya ina kuka kamar 'yar aji ɗaya.

Na gode, Malam. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, a gaban yara arba'in, ka ƙi yafe wa kanka, dubban yara suka tsira saboda haka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka samu hawa kekenka ko a tsufa.

Ku kuma malamai, da iyaye masu jera 'ya'yansu a tsakar gida suna cewa wane ya fi wane, ku nemi igiya, ku nemi dutse, ba su da wahalar samu kuma ba sa kuka. Malam ya bar buhunsa rataye a ƙusa a bayan ƙofar aji biyar don wanda zai gaje shi. Jiya Yaya ta aike ni in ɗauko shi. Ta ce gindinsa ya yage, za ta ɗinke kafin Litinin.