Sifirin da na rubuta wa gobe

Aji biyu na yi a lakkwal, makarantar boko, shi ya sa aka ba ni gwangwanin awon ruwan sama. Shekarun gujiya ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mushen gona, wato malamin gona na gwamnati, ya zo daga Tasawa ya kafa ƙarfe a bayan gidana a Korgom, ya ɗora gwangwani bisa kai, ya miƙo mini kwalbar awo da kaye, littafin rubutu, da kiriyo, wato fensir. Ya ce kullum ƙarfe takwas na safe in juye ruwan saman da ya taru, in duba layin kwalba, in rubuta. In ba ruwa in sa sifiri. In ya tarar da gurbi ɗaya babu rubutu, gardi, dogarin gwamnati, zai zo ya ɗauke ni. Na san bulalar gardi, na gan ta a bayan wasu.

Damina ta uku ruwa ya ɗauke bayan shuka. Kullum sifiri. Gujiya ta fara kwanciya.

Sai surukina ya rasu a Maijirgi, dole in kwana uku. Na dubi sama, ko gajimare babu. Na zauna na cike gurbi uku da sifiri, na bar kayen a zaure, na tafi.

Kwana biyu kawai na yi na dawo, na iske dattawa a ƙofar gidana. Ba wanda ya yi mini gaisuwar rasuwa. Kayen yana hannun mai sikelin gujiya, wanda ya fi ni boko. An fita roƙon ruwa ina can, shi kuwa ya buɗe ya ga har gobe na riga na rubuta babu.

Maigari ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka gobe ba ruwa?"

Na ce, "Baba, ba kowa. Gardi nake tsoro."

Mai sikeli ya ce, "Mu muna roƙo da rana tsaka, kai ka riga ka rufe ƙofa da kiriyo."

Bayansu samari ne tsaye da hauya.

Liman ya ce a kawo ƙwarya a wanke rubutun kamar yadda ake wanke allo. Ni na wanke da hannuna. Kiriyo ba ya fita, na yi ta gogawa har takardar ta ɓule. Ina gogawa ina ganin fuskar mushe.

Gobe ta zo, ba ruwa. Jibi, da sifirina ya riga ya ƙare, aka kwarara. Na tsaya cikin ruwan na san ba mai sake yarda da ni.

Mushe ya zo ƙarshen wata, ya sa yatsa cikin ramin takardar, ya dube ni. Bai kira gardi ba. Ya tuge ƙarfensa ya sa a mota.

Har yau in hadari ya taso ina majalisa, wani zai kalli hannuwana. Ni kuma sai in ɗora su bisa gwiwa, a buɗe.