Ragon Suna da Sabuwar Wuƙa

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma safiyar sunan ɗan ƙanena ba za ta bar raina ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Jikokina suna cewa na cika sa ido, wai ko allura aka sayo sai na juya ta na duba. To, ga mafarin abin.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu ce. Muna zaune a unguwar Tishigu a garin Tamale, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ni ina sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwa, ƙanena kuwa tela ne. A lokacin kowa a Tamale sabon abu yake so, tun da ƙasar ma sabon suna ta samu. Matarsa ta haifi ɗan fari, namiji, sai ya rantse komai na sunan nan sabo zai zama. Ragon ne kawai ya daɗe a gidan, don tun cikin matarsa yana ƙarami yake kiwonsa, da hannunsa yake ba shi dusa da harawa.

Ana saura kwana uku suna, wani ɗan tireda ya sauko daga lorin Kumasi da kwalin wuƙaƙe, manya, irin waɗanda ake naɗewa a sa a aljihu. Kusa da tukunyata ya baza kayansa, don haka a idona aka yi komai. Ya buɗe guda, ya shafa ta a hannunsa, gashi ya zube.

"Da kaifinta take fitowa daga masana'anta!" in ji shi. "Ba ruwanka da dutse, ba ruwanka da maƙeri. Kun ga tambarin nan? Sai an gwada kowacce ake buga shi."

Ƙanena ya saya. Ni dai na lura wadda aka yi askin da ita ta koma aljihun mai kaya, shi kuwa aka ciro masa wata daga kwali, a nannaɗe cikin takarda mai maiƙo. Da muka koma gida na ce ya kawo in gani.

"Haba Yaya, wannan ba ta yankan albasa ba ce. Ranar suna za a buɗe ta, sabuwa fil."

"Wadda aka gwada daban, wadda aka ba ka daban."

"Duk uwarsu ɗaya. Ke dai don ba ki iya karanta tambari ba ne."

Gaskiya ya faɗa, ban iya ba, har yau ma. Amma maganar ta soke ni, na ja bakina na tsuke.

Ranar suna da hantsi maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna, aka kayar da rago ya fuskanci alƙibla. Ni ina tsaye a bakin zaure da kwanon karɓar nama. A al'adarmu mace ba ta tsoma baki a wurin yanka. Ƙanena ya warware takardar a gaban jama'a, ya buɗe wuƙar ta yi ƙara, ya miƙa wa liman da hannu biyu. Liman tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya ɗora tsinin a farcen babban yatsansa, ya ji ya kama, ya ce madalla. Da ya juya ta, rana ta faɗa a kanta, sai na ga wani farin layi yana walƙiya a tsakiyar bakinta.

Shekara da shekaru ina yanka nama kullum, na san kaifi na gaske ba ya ƙyalli. In ka ga bakin wuƙa yana mayar da haske, wurin dakushe yake. Bakina har ya buɗe. Na daɗe ina gaya wa mutane kunyar maza ce ta hana ni magana, amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan ɓoye wa. A raina cewa na yi, bari mai karanta tambari ya gani da idonsa.

Liman ya yi bisimilla ya ja. Wuƙa ta tsaga fata, ta taɓa maƙogwaro, ta tsaya. Ya danna, ta zame. Ragon ya zabura ya kuɓuce wa masu riƙe shi, ya miƙe yana wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, jini na feshi a kan fararen riguna. Na yar da kwano na ruga madafa, na ɗauko tsohuwar wuƙar maƙera da na gada wurin mahaifiyarmu, wadda na wasa da safiyar ranar. Kafin in dawo a sake kayar da shi, an ɗauki lokaci. Liman ya ƙarasa shi da ja ɗaya, sannan ya goge hannunsa ya ce, "An ɗaga hannu, kuma an jima. Don ya huta na ƙarasa shi. Ba za a ci ba."

Akuyar da nake kiwo aka kamo aka yanka. Wani abokin wasan ƙanena ya ɗaga murya ya ce, "Tela, ashe ragon ma 'yancinsa ya tashi nema!" Aka yi dariya. Ƙanena bai yi ba, yana kallon yadda ake jan ragonsa zuwa bayan gari.

Da la'asar ya same ni a madafa. Na riga na shirya faɗan da zan yi masa, kalma bayan kalma. Ya ajiye wuƙar a kan turmi, ya ce a hankali, "Yaya, kin gani kafin a yanka?"

"Na gani."

"Me ya hana ki magana?"

Faɗan da na shirya duk ya narke. Bai kuma sake tambayata ba har ya bar duniya.

Bayan kwana biyu na kai sabuwar wuƙar wurin maƙeri. Maƙerin ya duba ta a rana ya ce, "Hajiya, ƙarfen mai kyau ne. Wanda ya wasa ta ne yake sauri, tsinin kawai ya taɓa dutse." Ya gyara ta, tana nan wurina, da ita nake yanka goro.

Abin da na koya ke nan. Duk abin da wani ya ce ya gwada a inda ba ka nan, ka sake gwada shi da hannunka kafin ka ɗora shi a wuyan mai rai. Wannan darasin ƙanena ne. Nawa ya fi ɗaci: liman bai gani ba, ba shi da laifi, ni da na gani na yi shiru ni ce na wahalar da ragon nan. Tun daga ranar, in na ga farin layi a bakin wuƙa sai na faɗa, ko gaban wa ake, ko za a ce tsohuwar nan ta cika baki.