Na yi sallama da Alƙahira kafin a ba ni biza

Shekarun baya, ina zaune a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira, ina yi wa wani kamfani fassara daga ɗakina. Ban taɓa ganin ofishinsu ba, kwamfuta ce kawai tsakaninmu. Wata rana abokina ya kira ni yana haki: “Kai, akwai ƙasar Turai da ke ba irinku biza! Ka je ka zauna can da aikinka. Yalla, nema!”

Murna ta hana ni tunani. Tun ban cike fom ba na sanar da mai gidan haya zan tashi, na kyautar da fankata ga maƙwabcina, na kira mahaifiyata a Maraɗi ta sa min albarka.

Ranar ganawa na isa ofishin jakadancin ƙasar a unguwar Dokki da kwat ɗin aro. Matar da ke karɓar takardu a bayan gilashi ta duba komai tana cewa tamam, wato daidai, sai ta ɗago kai.

“A wace ƙasa ake biya maka ta'minat?”

Na miƙa mata inshorar lafiya ina murmushi.

“Ma'alish, ba wannan ba. Asusun ma'aikata nake nufi, na fansho da ranar da ba ka iya aiki.”

Ni ɗan Nijar, ina zaune Masar, kamfanin yana wata ƙasa, kuma babu inda aka san da ni. Ta ba ni mako biyu, in ba haka ba a rufe fayil ɗin.

Na koma gida cikin zafin Alƙahira, na je aron fankata da kaina. Maƙwabcina har da cewa, “Sannu da dawowa daga Turai.”

Kamfanin ya ce ba zai yi rajista a asusun ƙasar da zan je ba. Na yi ta rubuta wa shugabarmu har ta amince ta sauya min kwantiragi, na zama mai aikin kansa, na sa hannu cewa da na sauka zan yi rajista in riƙa biya. Saura kwana ɗaya na kai takardar.

Da bizar ta fito, a cikin jirgin ƙasa na metro na buɗe fasfo na yi kabbara. Wani dattijo da bai san dalili ba ya taya ni murna ya ce, “Mabruk ya ibni!”

Har yau duk wata ana cire kuɗin, kuma ban taɓa jin haushi ba. Shekara bakwai ina aiki kamar ba zan tsufa ba, sai da wata baƙuwa ta tambaye ni ta bayan gilashi.