Shekari Mai Hoto da Gilashi Mai Hamsin

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana manne da shagon hoton Shekari a Trikania. Katako ne kawai a tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Gajere ne, ga sauri, ga surutu. Da can a masaƙa yake aiki a Kakuri, da aka rage ma'aikata ya sayi kyamara ta hannu ya rataya a wuya, shi ke nan ya zama mai hoto. Daga Nasarawa har Sabon Tasha babu cocin da bai shiga ba. In a wannan tsallaken kogin ka yi aure a lokacin, da wuya in ba shi ne ya ce maka ka ɗaga haɓa ba.

Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi. Mutumin da ya ɗauki rabin gari, ba shi da hoton matarsa Dorcas ko guda. A ƙauye aka yi aurensu, ba mai kyamara. Bayan nan kuma kullum sai gobe. In na yi masa tsiya ya ce, "Haba Maman Faith, gida ɗaya muke fa. Ina za ta?" Ita ma Dorcas da nata laifin. Da ta hango kyamara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ciwo ya kama Dorcas. Tun damina take ramewa, aka yi ta zaryar asibiti, har likita ya ja Shekari gefe ya faɗa masa gaskiya. Shi ya sa aka matso da auren 'yarsu Ruth zuwa Nuwamba. Wata rana ya leƙo shagona, ya tsaya yana wasa da almakashina, can ya ce, "Ta yarda in ɗauke ta a bikin. Amma ta ce sau ɗaya, kuma cikin mutane." Ba ta son a tsayar da ita ita kaɗai a ga yadda ta koma.

Ana saura mako biyu biki, gilashin kyamararsa mai zum, wanda ke jawo nesa kusa, ya suɓuce a kan siminti ya tsage. Ina da sayayyar zare a Kakuri, sai na raka shi wurin Okechukwu mai sayar da kayan hoto na hannu. Mai zum ya fi ƙarfin aljihun Shekari, magani ya cinye komai. Okechukwu ya ajiye masa ƙanana guda biyu a kan tebur, dukansu ba sa zum, kowanne da lambar da ake kiransa da ita a jiki.

"Oga Shekari, wannan mai ashirin da takwas ne, yana kwasan mutane da yawa ko wuri ya matse. Wannan mai hamsin, e cheap pass, ya fi araha, kuma fuska yana fita fes ko ba filasha. Amma ba ya kwasa da faɗi o. Ƙafanka ne zum. In mutane sun yi yawa, sai ka ja baya."

Shekari ya ɗaura mai hamsin ya leƙa fuskata, ya kwashe da dariya. "Maman Faith, ashe kina da furfura!" Sannan ya ce, "Fuska nake nema, ba taro ba." Ni ce ma na taya shi ciniki, har ina jin daɗi na iya ragi. Har yau abin yana ci mini rai.

A wani ƙaramin coci a Mahuta aka ɗaura auren. A ciki gilashin ya yi aiki, gaskiya. Dorcas tana zaune a gaba cikin leshin da na ɗinka mata, wanda sai da na rage shi sau biyu. Duk juyowar da Shekari ya yi wajenta sai ta sa hankici a fuska, shi kuma ya kau da kyamara, don ya yi alkawari.

Da aka fito, aka jeru don hoton dangi. Filin cocin ɗan tsut ne, katangar maƙwabta ta tare gaba. Dorcas ba ta iya cunkoso, sai muka tsaya a ƙarshen layi kusa da kujerarta, ta dafa kafaɗata. Shekari ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya yi ta ja da baya har gadon bayansa ya daki katanga. Ya leƙa, ya ce a matsu, ya sake leƙawa, ya ce, "Yauwa. Kowa ya shiga. Kada wanda ya motsa."

Sai Baba Sylvanus, kawun ango, ya ɗaga sanda. "Wane irin hoto ne ba uban amarya? Shigo, surukina!" Mata suka ɗauka da guɗa. Ba a musu da suruki a gaban jama'a. Shekari ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ya rugo da niyyar ya tsuguna a gaba. Ina! Suka cafke shi suka cusa shi tsakiya kusa da Ruth, ana cewa a matsa wa uban amarya, a matsa wa uban amarya. Kowa ya gusa taku ɗaya. Na gusa, Dorcas ta gusa. Kyamara ta yi ƙyas.

"A sake!" in ji Shekari. Amma ƙafafun Dorcas sun riga sun saki, a jikina ta sulale. Aka ɗauke ta zuwa mota, kuma daga ranar ba ta ƙara tashi daga gado ba.

Bayan kwana huɗu ya karɓo hotunan daga wurin wanki. Na ji shigarsa shago, ban ji rediyo ba, ban ji tari ba, sai na zagaya. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Mutum ashirin da uku, kowa ya fito fes. Ga Shekari a tsakiya, haƙora duka a waje. Ga ni a can ƙarshe, an yanke rabin ɗankwalina. A kafaɗata kuma yatsu huɗu.

Na ce ya ɗauki kyamara yanzu yanzu mu je gida. Muka je. Muna shiga Dorcas ta buɗe ido ta ce, "Baban Ruth, an wanke?"

Ya ce, "An wanke."

"Na fito da kyau?"

Ya ce, "Kin fi amarya."

Ta yi murmushi, irin wanda na yi wata uku ban gani ba. Ta ce, "To madalla. Ka ga ka huta da tsiyar Maman Faith." Da ta ce a nuna mata, ya ce ya bayar a ƙara masa girma a sa a firam. Kyamarar tana cikin jaka a ƙarƙashin hammatarsa, ya kasa fito da ita, don in ya fito da ita ta gane. Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji tausayinsa har na fita tsakar gida na yi kukana.

Kwana biyar bayan haka ta rasu. Matar fasto ta zo karɓar hoton da za a buga a takardar jana'iza, tana cewa ai gidan mai hoto ne, sai dai a zaɓa. Shekari ya shiga ɗaki ya daɗe, muna zaune muna jin yana buɗe akwati yana rufewa. Ya fito hannu wayam, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, ku rubuta sunanta kawai. Ku sa da manyan baƙaƙe."